Autosol da Sonax a kan wilin kurom: abin da suke iyawa a iskar Legas da inda ƙarfinsu ya ƙare

Wilin kurom ba ya daɗewa da ƙyallinsa a Legas idan aka bar shi a hannun yaran wankin mota kawai. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, ta fi ƙarfi a Lekki da Ajah da Ikoyi da Victoria Island, amma ko motar da ke kwana a Agege ko Idi-Araba ba ta tsira ba muddin tana haye gada zuwa tsibiri. Ga ruwan ambaliyar damina da ke gauraye da na kwata. Ga kuma ƙurar birki, wadda gosulon gadar Third Mainland da titin Ikorodu ke ninkawa, domin kowane taka birki yana kankaro ɓarɓashin ƙarfe mai zafi daga faifan birki ya watsa shi a kan wili. Kaya biyu ne masu motoci suka fi tambaya a kansu: man goge ƙarfe na Autosol, da ruwan wanke wili na Sonax. Dukansu 'yan Jamus ne, kuma dukansu suna aiki, sai dai aikin wannan daban, na wancan daban.

Kafin ka sayi ko ɗaya, ka fara sanin irin wilin da ke jikin motarka, don ba duk mai ƙyalli ne kurom ba. Kurom na gaskiya rufi uku ne a kan alminiyom ko ƙarfe: jan ƙarfe a ƙasa, nikel a tsakiya, sai kurom ɗin a sama, wanda kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 100 na silin gashi ba. Akwai wanda ake kira PVD, mai kamar madubi shi ma, amma samansa fenti ne garai-garai irin na jikin mota. Akwai kuma na roba mai ruwan kurom da ake mannawa a fuskar wili, irin wanda ke zuwa da wasu Dodge Ram da Toyota Highlander 'yan tokumbo. Ƙwanƙwasa shi da farce za ka ji amon roba. Na huɗu shi ne tsurar alminiyom da aka goge har ya yi sheƙi. Gwajin mai sauƙi ne: ɗiga Autosol kaɗan a farin tsumma, ka murza a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Idan tsumman ya koma baƙi ƙirin nan take, alminiyom ne. Idan dauɗa kawai ya kwaso kuma wurin ya ƙara haske, kurom ne. Idan wurin ya dusashe kamar an hura masa hazo, fenti ne a sama, ka dakata nan, Autosol ba nasa ba ne.

Sonax, wanda ake sayarwa da sunan Full Effect ko Wheel Cleaner Plus, ruwa ne da ake fesawa, babu asid a ciki. Sinadarinsa yana kama ɓarɓashin ƙarfen birki ya narkar da shi, shi ya sa bayan minti 2 zuwa 3 za ka ga ruwan ya rine ja kamar zoɓo yana gangarowa. Wannan launin shi ne shaidar cewa akwai ƙarfe a maƙale. Alherinsa shi ne ya dace da duk nau'i huɗun nan, kuma yana cire abin da sabulu ba ya taɓawa ba tare da an dirza ba, alhali dirza ce ke jawo ƙananan zane a kan kurom. Aibinsa biyu ne. Yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kada ka yi amfani da shi a rufaffen gareji. Sannan yana tafiya da sauri: kwalba mai mililita 500 ba ta wuce wanki kaɗan ba idan wilin inci 20 ne kuma ana fesawa har ciki. Don haka ba kayan kowane mako ba ne. Sau ɗaya a wata ya isa, sauran makonni sabulun mota ya wadatar.

Ga yadda wankin yake. Motar da ta shigo daga hanya a bar ta ta huce minti 20 zuwa 30 a inuwa, har ka iya ɗora tafin hannu a kan wili ba ka ji zafi ba. Ruwan sanyi a kan faifan birki mai zafi yana iya lanƙwasa shi, kuma duk abin da aka fesa a wili mai zafi bushewa yake ya bar tabo. A fara watsa ruwa da ƙarfi don yashi ya sauka, sannan a fesa Sonax a wili ɗaya, ba huɗu a lokaci guda ba. A jira minti 3 zuwa 5, a bi lungunan da burushi mai laushi, musamman ramukan noti da gindin bawul, a ɗauraye sosai kafin ya bushe. Bayan nan sabulun mota, kamar mililita 30 zuwa 50 a bokiti mai lita 10, da soso ko tsumma na wili kaɗai wanda ba ya taɓa jikin mota. Tabon kwalta kuwa, ɗan kananzir a tsumma yana ɗauke shi, a sake wanke wurin da sabulu.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne tsanewa. Ruwan burtsatse a sassan Lekki da Ajah yana da gishiri da sinadarin ƙarfe, idan ya bushe da kansa a rana sai ya bar ɗige-ɗige farare ko masu ruwan ƙasa. A tsane da busasshen tawul mai laushi nan take. Ɗigen da ya riga ya kama, ruwan khal rabi da ruwa rabi yana sauke shi cikin minti 1, a ɗauraye.

Abin da ke kashe wili a wuraren wankin mota na bakin titi shi ne abin da ke cikin jarkar da ba ta da suna. Wasu suna zuba ruwan wanke masai irin Harpic, wanda asid ɗin da ke cikinsa yana cin kurom kai tsaye; wasu Hypo, wanda kulorin ɗinsa ke huda ƙarfe; wasu garin Vim da soson waya na tukunya. Waɗannan kaya ne masu kyau a banɗaki da kicin, a nan aka yi su domin su. A ranar wilin zai yi ƙyalli har mai mota ya ƙara wa yaro ɗari biyar, bayan 'yan watanni sai ƙuraje su feso. Idan za ka bayar da wanki, ka tsaya a kai, ko ka miƙa musu naka kayan ka ce: "Ɗan'uwa, da wannan kaɗai za ka taɓa wilin."

Sai Autosol. Yana zuwa a bututu mai mililita 75, farin mai ne mai kauri kamar man goge baki, da ɗan warin amoniya, kuma a cikinsa akwai gari mai laushin gaske da ke kankare saman ƙarfe kaɗan-kaɗan. A kan kurom na gaskiya da ya dusashe, ko ya yi jajayen ɗigon tsatsa na sama-sama, samun wanda ya fi shi sai an tona. Kamar ƙwayar wake ta ishi ƙafar wili guda. A shafa da tsumma mai laushi, a murza a hankali har man ya fara yin hazo, a goge da wani tsumman mai tsabta kafin ya ƙame. Tsatsar da ta ƙi fita, a haɗa da soson waya mai lamba 0000, mafi laushi, a jiƙa shi da man, hannu sakwa-sakwa. Wanda ya fi wannan kaushi zane zai bari. Bututu ɗaya yana kai mota ɗaya shekara har da saura, kuma zai yi maka bakin salansa ma.

Kuskuren da masu son ƙyalli suke yi da shi shi ne yawaitawa. Tunda kankara yake, kuma rufin siriri ne, mai goge wili da shi duk Asabar, ko mai ɗora shi a kan injin gogewa yana dannawa, wata rana zai ga wurin ya koma ɗan rawaya-rawaya. Nikel ne ya leƙo, kurom ya tafi, kuma ba ya dawowa. Sau 2 ko 3 a shekara ya isa. Kuma sai bayan wanki, domin shafa shi a kan ƙura daidai yake da goga da yashi.

An ce Autosol yana barin ɗan rufin kariya, kuma haka ne, amma a damina ta Legas ba ya jure wanki da yawa. A nan ne ake buƙatar abu na uku. Mafi sauƙi shi ne kakin mota mai jure zafi, irin Collinite 845 ko Poorboy's Wheel Sealant: shafi siriri, a bari ya yi hazo, a goge, a maimaita duk wata 2 zuwa 3, a kuma tabbata an yi kafin ruwan Afrilu da kuma lokacin ɗan tsagaitawar Agusta. Mai hali ya nemi ruwan siramik na wili kamar Gtechniq C5 ko Gyeon Q2 Rim, wanda ke kai shekara ko fiye. Shi yana son a kwance wilin, a wanke ciki da baya, a goge da sifirit don cire maiƙon Autosol, a shafa, a hana shi ruwa awa 12 zuwa 24. Da rani ake yin sa. Wajen mayar da wili a ɗaure noti da sifana mai awo. A Camry da Highlander awon ƙarfin ɗaurin 103 Nm ne a jikin sifanar.

Akwai ciwon da babu ɗayansu da ke magancewa. Kurom yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Gishiri ya shiga ta nan, ya ci nikel, ya isa alminiyom, sai alminiyom ya yi farin gari ya kumbura ya ɗaga rufin daga ƙasa. Motocin tokumbo da suka fito daga jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, da yawa suna sauka tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ciwon a jikinsu. Idan farcenka yana sarƙewa a ƙurajen, ko kurom yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, Autosol zai haskaka gefen ne kawai. Mai sayen wili na hannu a kasuwar kayan mota ta Ladipo ya juya shi ya duba bayansa da bakin da taya ke zama, domin can yake fara ɓarewa. Alamar ciwon a kan hanya ita ce taya mai sauka a hankali duk kwana 3 ko 4 ba tare da ƙusa ba. Mai faci zai cire tayar, ya goge bakin wilin da burushin waya har ɓawon ya fita, ya shafa baƙin man toshe baki, ya mayar. Wannan yana riƙe iska na wani lokaci. In an zo balansin kuma, ka ce a sa maka dalma ta mannawa a ciki, domin ta maƙalawa a baki tana tsaga kurom daidai inda ruwa ke kwanciya.