Amsar Tambayar Yaya Kan Na'urorin Riƙe Zuciya Bayan Tiyata

Assalamu alaikum Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali da Hajiya. Saƙonka ya iso ni, inda ka ce ku 'yan kasuwar Kantin Kwari kuna son haɗa kuɗi ku saya wa wani asibiti a Kano na'urar da ke riƙe zuciya bayan tiyata, kuma kana neman shawarata tunda a sashen da ake jinyar masu irin wannan tiyata nake aiki a nan Ingila.

Lafiyayyar zuciyar babban mutum tana tura jini kimanin lita 5 a minti guda, kuma da wannan ma'auni ake auna kowace na'ura. Yayin tiyata ana tsayar da zuciya, sai injin zuciya da huhu, wanda likita John Gibbon ya fara cin nasara da shi a Amurka a 1953, ya karɓi aikin na 'yan sa'o'i. Yawancin zukata suna farfaɗowa da zarar an gama. Kaɗan ne ke kasawa ko da an ba su magani, kuma su ne ake jona wa na'urar wucin gadi na kwanaki, ko dai zuciyar ta huta ta dawo, ko a samu damar yanke shawara ta gaba.

A cikin na'urori uku da zan yi maka bayani, wadda ta fi daɗewa ita ce balan-balan ɗin da ake zura wa ta jijiyar cinya har cikin babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. Adrian Kantrowitz ne ya fara sa wa majiyyaci ita a New York a 1967. Ana hura ta da iskar hiliyam a daidai lokacin da zuciya ta saki, ta sace kafin zuciya ta sake matsawa, don haka jijiyoyin zuciya suna samun jini kuma nauyin turawa yana raguwa. Abin da take ƙarawa bai cika wuce rabin lita zuwa lita ɗaya ba, amma tana da sauƙin sawa da sauƙin kulawa. Wani bincike da aka yi a Jamus kan mutum 600, aka buga a 2012, ya nuna ba ta rage mace-mace ba a wurin waɗanda zuciyarsu ta durƙushe sakamakon toshewar jijiya, duk da haka likitocin tiyata a nan ba su yar da ita ba.

Sai Impella, wadda na ga 'yan'uwanmu suna yawan tura bidiyonta a WhatsApp. Ƙaramar farfela ce a bakin siririyar roba, ana tura ta har cikin ɗakin zuciya na hagu, ta riƙa zuƙo jini tana watsawa cikin babbar jijiya. Samfurin 5.5, wanda ake sawa ta jijiyar da ke kusa da hammata, yana kai lita biyar da rabi, har majiyyaci ya iya tashi zaune da ita. Kamfanin Abiomed ne ke yin ta, wanda Johnson & Johnson ya saya a 2022 kan dala biliyan 16.6. A 2024 wani bincike a Denmark da Jamus da Birtaniya ya nuna wani samfurinta mai suna CP ya rage mace-macen waɗanda zuciyarsu ta durƙushe sakamakon toshewar jijiya daga kusan kashi 58 zuwa 46 cikin ɗari a wata shida, sai dai an samu ƙarin zubar jini da buƙatar wankin ƙoda. Ka lura, Yaya, a matsayinka na ɗan kasuwa: robar guda ɗaya ta haura dala 20,000 a Amurka, kuma mutum ɗaya ake sa wa a jefar.

Ta uku ita ce ECMO, wadda ke fitar da jini gaba ɗaya ta tiyo mai kaurin ɗan yatsa, ta sa masa iskar oksijin, ta mayar da shi jiki. Ita ce ke ɗauke wa zuciya da huhu aiki a lokaci guda, kuma ita ce ta fi cin mutane da kaya. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ba ta barin gadon dare da rana, ga ƙwararren mai kula da injin a kusa, ana ɗibar jini ana aunawa a kai a kai saboda maganin tsinka jini: idan ya yi yawa majiyyaci ya yi ta zubar jini, idan ya yi kaɗan jini ya daskare a cikin injin. Ina duba ƙafar majiyyaci kowace sa'a, domin tiyon kan toshe wa ƙafa hanyar jini. Akwai daren da muka ƙara wa mutum ɗaya jini fiye da leda goma, kuma babu ɗan'uwansa ko ɗaya da aka tura neman mai bayarwa, domin ma'ajiyar jini ce ta aiko cikin mintuna. A daren nan na tuna yadda muka yi ta buga waya a unguwa muna neman mai ba da jini lokacin da Yaya Babba ta haihu.

Kada ka ɗauka ko'ina a Ingila ake samun wannan. Hukumar lafiya ta NHS ta tattara aikin a 'yan cibiyoyi, irin su Papworth a Kambirij da Wythenshawe a Manchester, kuma sau da yawa tawaga ce ke zuwa da motar asibiti ta jona majiyyaci ta ɗauko shi. Gado kan yi ƙaranci, ana kuma ɗage tiyata saboda haka. Majiyyaci ba ya biyan ko kwabo a bakin gado, amma haraji ne ke biya, ana cire shi daga albashinmu kafin ya shigo hannu.

Masu buƙatar tiyatar zuciya a nan galibi tsofaffi ne masu toshewar jijiya. A Kano kuwa matasa ne da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata wa bawul ɗin zuciya, wato ƙofofin da ke hana jini komawa baya, da masu jego da zuciyarsu ke kumbura bayan haihuwa. Tun 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya a Inugu, kuma abin da ya riƙa katse aikin shi ne kayan da ke ƙarewa da ma'aikata da kuɗi.

Saboda haka shawarata ita ce ku ajiye maganar Impella da ECMO tukuna. Ku je wurin likitocin tiyatar asibitin, ku tambaye su tiyata nawa suke yi a shekara, wane ne ke kula da injin zuciya da huhu, da kuma abin da ke riƙe wuta a sashen tsakanin ɗaukewarta da tashin janareta. Idan amsoshin sun gamsar da ku, injin balan-balan guda ɗaya tare da balan-balan na shekara biyu da yarjejeniyar gyara a rubuce ya fi dacewa, ragowar kuɗin kuma a saka a firjin ajiyar jini, na'urar hoton zuciya, da horar da ma'aikatan jinya. Idan kun samo takardar farashi daga dillali, ka turo mini kafin ku biya, in nuna wa mai kula da injunanmu ya duba ko samfurin har yanzu ana yi masa kayan gyara.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ina nan tafe da babbar salla in Allah ya yarda.