Yaya, ga yadda batun fansho yake a Ingila

Yaya, ka tambaye ni ko na fara shirin tsufa, ko kuwa aikina kawai aiko kuɗin bulo. Na fara, amma ba don dabarata ba.

A nan, da ka kama aiki ake sa ka a asusun fansho ko ba ka nema ba, doka ce tun 2012. Mafi ƙaranci kashi 8 cikin ɗari ake zubawa, 3 daga mai kamfani. A takarda ma namu na gida ya fi tsoka, tunda 18 ne: 10 daga wurin aiki, 8 daga albashinka. Inda suka sha gabanmu shi ne samun wanda zai zaunar da kai ya yi maka bayani.

Da na cika 50 sai na nemi Pension Wise, na gwamnati ne kuma kyauta. Wata mata ta kira ni a waya, muka yi kusan awa guda, ina zaune a kicin da takarduna da shayi. Na tuna Baba da fayil ɗinsa a leda, yana bin layin tantancewa tun asuba. Sai dai matar ta ƙi ce min sa kuɗinka nan ko can. Wannan aikin masu lasisi ne, biyansu ake yi da tsada, kuma kafin ka ba mutum amana sai ka duba sunansa a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi a nan. Ni dai da kaina na mayar da nawa asusun Shari'a na Nest, masu kula da fanshona, saboda gudun kuɗin ruwa.

Fanshon gwamnati daban ne. Sai ka biya inshorar ƙasa shekara 10 kafin ka samu komai, 35 kafin ka samu cikakke, ni kuwa 19 nake da su. Ga wanda ya hana ni barci: in na dawo Najeriya da zama za a ci gaba da biyana, amma ba ƙari. Na nan ana yi musu ƙari duk Afrilu, nawa yadda aka fara haka zai tsaya har in koma ga Allah.

Shi ya sa nake so ka sake duba min shagunan nan biyu na bakin kasuwa. Kai ma ka leƙa wajen masu kula da fanshonka, ka tambaye su asusun da ba ruwa, Fund VI ake ce masa. A gaida Inna da yara.