One Win ko fim ɗin Haikyu, wanne za a nuna wa 'yan matan ƙwallon raga?

Malama sannu da ƙoƙari, na ga tambayarki tun jiya, kin ce 'yan matan da kike koya wa ƙwallon raga an cinye su wasa uku a jere duk jikinsu ya mutu, kina son fim na barkwanci da za su kalla tare ranar Asabar su ɗan saki rai, kuma an ba ki suna biyu, One Win da fim ɗin Haikyu na 2024, kin rasa wanda za ki ɗauka. To duka biyun na kalla, na biyun ma sau uku don ƙannena ba sa barin mutum ya huta, bari in faɗa miki yadda na gansu.

One Win fim ne na Koriya ta Kudu, ya fito ƙarshen 2024, Shin Yeon-shick ne daraktan, jarumin kuma Song Kang-ho, wato uban gidan nan na Parasite in kin taɓa gani. A nan koci ne da duk inda ya sa hannu ba a cin wasa, har ya koma koyar da yara ƙanana, makarantar ma tana neman rufewa, kawai sai aka kira shi ya riƙe ƙungiyar mata ta ƙwararru mai suna Pink Storm wadda manyan 'yan wasanta duk sun watse sun bar na benci. Sabon mai ƙungiyar ɗan masu kuɗi ne da bai san komai a ƙwallon raga ba, shi labari kawai yake so ya sayar, sai ya fito ya yi alkawarin kuɗin Koriya won biliyan 2 in har suka ci wasa ɗaya tak a kakar. Ba kofi ba fa Malama, wasa ɗaya. Daga nan dariyar take fitowa, kocin da kansa bai yarda za a ci ba, kyaftin ta daɗe tana ɗumama benci, mai kuɗi yana ta kawo shawarwarin da ba kai ba gindi, ana ta shan kashi wasa bayan wasa. Abin da ya sa nake son fim ɗin shi ne bai mai da 'yan wasan abin wulaƙanci ba, kina dariya ne amma kina jin tausayinsu, kuma a hankali kocin ya fara kallon abin da kowacce ta iya maimakon abin da ta kasa. Wannan wurin wallahi ya taɓa ni, don mu ma lokacin muna sakandare akwai wata doguwa da kullum ake mata faɗa ba ta iya karɓar sabis ba, ranar da aka tsayar da ita gaban raga ta riƙa tare simash shikenan ta zama wata daban.

Haikyu kuwa katun ne na Japan, asalinsa littafin zane na Haruichi Furudate da ya fara fita 2012 ya ƙare 2020, aka mai da shi shirin talabijin daga 2014. Fim ɗin da aka ce miki, The Dumpster Battle, minti 85 ne kuma kusan gaba ɗayansa wasa ɗaya ne, makarantar Karasuno da Nekoma a gasar sakandare ta ƙasa a Tokyo, hankaka da kyanwa kenan kamar yadda ake musu laƙabi, tsofaffin kociyoyinsu sun daɗe suna burin su haɗu a babban fili. Yara maza ne. Ta fannin ƙwallon kanta gaskiya ya fi One Win nesa ba kusa ba, za ki ga yadda Kenma, seta na Nekoma, wato mai ɗaga wa masu simash ƙwallo, yaro mai shiru-shiru da ya fi son gem a kan gudu, ya zauna ya lissafa yadda zai daƙile Hinata, gajeren yaron nan na Karasuno mai tsalle. Sai suka riƙa auna shi da sabis, dole ya tsaya ya karɓa, kafin ya miƙe ya ɗauki gudun tsalle lokaci ya wuce. Wannan darasi ne da za ki iya tsayar da fim ki nuna wa yara da yatsa. Can kusa da ƙarshe akwai wurin da aka mai da kyamara ta zama idon Kenma, kina jin numfashinsa, kina ganin ƙasa da raga suna juyawa, gumi ya jiƙe ƙwallo, ƙanina har tashi tsaye ya yi bai sani ba.

Amma matsalarsa biyu. Na farko ba fim ɗin barkwanci ba ne a asali, akwai tsokana da zolaya tsakanin yaran, sai dai yawancinta sai wanda ya san su ne zai yi dariya, shi kuma fim ɗin ci gaba ne na shiri mai zango huɗu, bai tsaya gabatar da kowa ba. Yarinyar da ba ta san waye Kuroo ba ko me ya haɗa Hinata da Kenma tun farko, minti ashirin za ta fara danna waya. Na biyu, ƙungiyoyi ne biyu da duka sun iya, sun kai gasar ƙasa, yaranki kuma yanzu ba wannan ne ciwonsu ba, ciwonsu a ci ko set ɗaya ne a kai maki 25 kafin abokan karawa. One Win kansa da ƙafarsa labarin wanda bai taɓa ci ba ne, mata ne kamar su, kuma ya fara ya ƙare a zama ɗaya. Shi ma yana da wani dogon rali da ƙwallo ta ƙi faɗuwa, ana ta ɗagowa ana maidowa, za ki ji ɗaki ya yi tsit.

Don haka ni One Win zan nuna ranar Asabar. Dan Allah ki fara kallonsa ke kaɗai tukuna, kin san kayan wasan ƙwararru gajeren wando ne, ke kika san iyayen yaranki da dokar makarantarku, kuma da harshen Koriya suke magana sai an bi rubutun ƙasa, in akwai ƙanana da karatun Turanci bai zauna musu ba ki zaunar da babba ɗaya kusa da su tana musu bayani. Haikyu kar ki yar da shi, amma ki fara musu daga zango na farko, kashi ɗaya bai kai rabin awa ba, bayan tirenin sai a saka ɗaya ko biyu, a nan ne ma barkwancin ya fi yawa, musamman faɗan Hinata da Kageyama, seta na Karasuno, lokacin da aka haɗa su ƙungiya ɗaya ba sa ko son ganin juna. In sun kai ƙarshen zango na huɗu sai ki kawo musu fim ɗin, seta ɗinki ki sa ta a gaba.