Awa uku a gaban allon jirgin kwaikwayo a unguwar Zariya

Wani matashi ya buɗe ɗan shago a unguwar Zariya, a nan Maradi, inda ya haɗa kwamfuta da allo biyu da sandar tuƙi domin masu sha'awar koyon yadda ake sarrafa jirgin sama, kuma yana karɓar jika ɗaya a kowace awa. Ni sana'ata haɗa rezo a ofisoshi ce, saboda haka abin da ya kai ni wurinsa shi ne in ga yadda na'urorin gaban matuƙi ke ba da gargaɗi idan sadarwa ta yanke a tsakaninsu.

Jirgin da ake kwaikwaya a shagon ƙaramin jirgi ne, Cessna 172, mai tsarin allunan gaban matuƙi na Garmin G1000, wanda ya fara fitowa a 2004. Allon hagu yana nuna karkatar jirgi da gudunsa da nisansa daga ƙasa, na dama kuma taswira da lafiyar inji, amma duka biyun ba su auna kome da kansu. Wasu akwatuna ne da ke ɓoye a jikin jirgin suke aiko musu da bayani ta waya. Wannan ne darasin da mai shagon ya fi ƙwarewa a kai, kuma a ganina shi kaɗai ya isa kuɗin da na biya.

Bayan na ɗaga sama na daidaita, sai ya kashe wani abu ba tare da ya faɗa mini ba. Nan take wani jan gicciye mai siffar harafin X ya rufe ma'aunin gudu da na tsayi da na hawa da sauka, sauran allon kuwa yana aiki lafiya lau. Na ce allo ya lalace. Ya ce, "A'a, Malam, duba da kyau, su wa suka yi shiru tare?" Ashe ukun nan daga akwati ɗaya suke sha, wato ADC, mai auna matsin iska. Da ya kashe AHRS, wato akwatin da ke auna karkata da juyawar jirgi, sai gicciyen ya koma kan karkatar jirgi da alƙibla, da ya kashe na'urar maganaɗisu kaɗai kuwa alƙibla ce kawai ta ɓace. Gicciyen yana nufin sahihin bayani bai iso ba, kuma allon ya gwammace ya rufe wurin da ya bar tsohuwar lamba ta yaudari matuƙi. Da na'urorin da nake gyarawa suna da irin wannan gaskiyar, da na huta da yawan zarya. Ya kuma sa na riƙa mai da ido kan ƙananan agoguna uku na ko-ta-kwana, ya yi mini bayanin jan maɓallin da ke tattara muhimman bayanai a allo guda idan ɗayan ya mutu.

Inda shagon ya gaza shi ne daidai wurin da na fi so. Allunan biyu na jirgin gaske suna magana da juna ta wayar Ethernet, irin wadda ake haɗa kwamfutoci da ita, kuma idan maganar ta samu tangarɗa akan ga saƙon XTALK ERROR, amma da na tambaye shi sai ya amsa cewa bai taɓa gwada wannan ba. Haka nan duk lalacewar da ya nuna mini mai tsabta ce, abu ya mutu ɗungurungum, alhali duk mai aikin waya ya san cewa mahaɗin da ya saki, yana kamawa yana yankewa, shi ne mai wahalar ganowa. Shi ma ba matuƙi ba ne, kuma bai ɓoye hakan ba.

Ɗakin ƙarami ne, fanka ɗaya ce, kuma wuta ta ɗauke sau ɗaya muna tsakiyar sauka, ga shi babu batirin da zai riƙe kwamfutar. Ya ƙara mini minti ashirin a madadin abin da na rasa. Wanda zai je ya zaɓi safiya, ya kuma nemi a fara masa da darasin gicciyen kafin a bar shi ya yi shawagi.