Injin zuƙe iska da liƙe leda: abin da ya yi mini da abin da ba zai iya ba

Tun kafin layyar bara nake aiki da injin nan mai zuƙe iska daga cikin leda ya liƙe bakinta, kuma mata da dama a unguwarmu ta Birni, nan Damagaram, sun tambaye ni ko ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma ga wanda ya san abin da zai zuba a ciki. Wanda ke shirin saye don ya huta da firigo, gara ya riƙe kuɗinsa.

Jikka 25 na biya, wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya taho mini da shi. Abin da na fara roƙonsa ya duba shi ne rubutun da ke ƙarƙashin injin. Kuran ɗinmu na Nijar, wato wutar lantarki, bolt 220 ne, waɗanda aka ƙera don Amurka kuwa 110 zuwa 120 suke ɗauka, ana jona su kai tsaye sai su ƙone. Masu sayen na gwanjo su kula da wannan. Ba ya cin wuta sosai, nawa wat 110 ne. Aikinsa ma ba wuya: a sa bakin ledar cikin ƴar kwalbatin da ke gaba, a danne murfi har ya ce ƙas, a taɓa maɓalli. Sai ya yi gurnani ya janye iskar, wata siririyar waya ta yi zafi ta narkar da bakin ledar ya haɗe.

Inda ya fi burge ni shi ne kilishi. Duk mai aika wa ɗa ko ƙane kilishi zuwa Yamai ko wata ƙasa ya san yadda yake isa: an naɗe shi a takarda, mai ya tsattsafo, bayan ɗan lokaci ɗanɗanon ya juya. Iska ce ke ɓata man gyaɗar da ke jikinsa. Da na fara liƙe shi, yarona da ke karatu ya ce ƙamshin yajin na nan kamar ranar da aka sauke daga wuta. Sharaɗin kawai ya bushe ƙarau, kuma a sa takarda a gefen da ke da kaifi, domin kilishi na huda leda. Haka busasshen tattasan Diffa, da dabino, da soyayyar gyaɗa, da busasshiyar kuɓewa, duk sun haye damina ba laushi ba fumfuna. Garin kuka da na yaji sai an fara ƙulla su a ƴar takarda kafin a sa a leda, in ba haka ba garin ya bi iska ya toshe injin.

Wake ma na gwada, tiya biyu, ƙwaro bai taɓa shi ba. Dabarar ɗaya ce da ta buhun PICS mai ruɓi uku da manoma suka sani, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi: ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Sai dai mai buhu guda na wake ya nemi wancan buhun, ya fi araha nesa ba kusa ba. Injin nan na abin da za a ci ne a gida kaɗan-kaɗan.

Ɗanyen nama kuwa, na watanda ko ragowar na layya da ba a soya ba, ina kasa shi daidai tukunya ɗaya, in shimfiɗa shi falan-falan a leda, in liƙe, in sa a wajen ƙanƙara. Yana saurin daskarewa, ba ya cin wuri, kuma saman ba ya bushewa ya yi fari-farin nan mai warin firigo. In naman na da jini-jini, a bari ya ɗan fara daskarewa tukuna, domin injin na jan ruwa, kuma leda mai jiƙaƙƙen baki ba ta liƙuwa da kyau. Miya ma haka, sai ta zama ƙanƙara ake liƙe ta.

Ga maganar da ta fi damuna. Ƙanwar maigidana ta ga kayan a jere ta ce, "Yaya, ashe ke yanzu ko an ɗauke wuta ba ruwanki." Na ce mata, "A'a, ƙanwata, ruwana ne ƙwarai." Mutane na ɗauka da zarar an cire iska abinci ya daina lalacewa. Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum wadda inda babu iska ne ma take bunƙasa, in ta samu danshi da ɗumi, kuma gubarta na shanye jiki har ta kai ga kisa. Abin tsoron shi ne ba lallai abincin ya yi wari ko ya sauya kama ba. Don haka nama, kifi da dafaffen abinci, ko an liƙe su, dole su zauna cikin sanyin da bai haura digiri 4 ba, ko a daskare a digiri 18 ƙasa da sifili. A Damagaram, a watan Afrilu da Mayu, zafi na haura digiri 40, kuma lokacin ne wuta ta fi yawan tafiya. In ta daɗe ba ta dawo ba har naman ya saki, ba na jira, dafawa nake yi nan take. Wanda ya riga ya yi ɗumi ba na ba iyalina. Ɗanyar tafarnuwa da ɗanyar albasa ba na liƙe su sam, cuku kuma sai busasshe. Soyayyen naman layya da iyayenmu ke ajiyewa, suya da bushewa ne suka kare shi, ledar taimako kawai take yi.

Matsalar da mai sayarwa ba zai fara faɗa ba ita ce ledar kanta. Ba kowace yake karɓa ba. Yana buƙatar mai ƙurji-ƙurji a gefe ɗaya, ta cikin waɗannan layukan iskar ke bi ta fita. Mai santsi, irin wadda ake samu ko'ina a Kasuwar Dole, bakinta kawai zai liƙe, iska na ciki. Tasa tana zuwa a naɗe, faɗin santimita 20 ko 28, ana yanka gwargwadon buƙata, kuma ni dai sai na yi saƙo nake samu. A hankali kuɗin leda na iya zarce kuɗin injin. Wadda na sa busasshen abu nakan wanke ta, in shanya, in yanke bakin in sake amfani da ita. Wadda ta taɓa ɗanyen nama ba na maimaitawa. Raina ba ya so, ganin yadda leda ta riga ta cika mana magudanai tana kashe awaki, shi ya sa ba komai nake liƙewa ba.

Zafin gari ma na gajiyar da shi. In aka jera masa aiki ba hutu, wayar kan yi zafi ta ƙona ledar, sai a ba shi kamar rabin minti tsakanin liƙi da liƙi. Da hunturu ƙura na kwanciya kan sosan robar da ke bakinsa, ƙarfin zuƙar ya ragu. Ina goge shi da tsumma mai ɗan danshi, in ajiye shi a kwali ba tare da na kulle murfin ba, don kada sosan ya lotsa. Kashegarin liƙi nakan duba ledojin: wadda ta saki ta sha iska, a sake ta ko a fara cinye ta. Wadda ta kumbura a zubar, kada ma a ɗanɗana.

Wata maƙwabciyata mai sana'ar dambun nama ta so ta sayi irinsa don kasuwa. Na ce mata, "Hajiya, wannan ba zai ɗauki aikinki ba." Mai sayarwa da yawa babban injin nan ya kamace shi, wanda ake sa ledar gaba ɗaya a cikinsa a rufe. Ya fi tsada sosai, amma yana karɓar leda mai santsi mai araha, kuma yana jure aikin yini.