Na'urar atisaye ta MILES: inda ta yi zarra da inda take yaudarar soja

Tun farkon shekarun 1980 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ke amfani da MILES, wato na'urar hasken leza mai nuna wanda aka harba a atisaye, musamman a sansanin horo na Fort Irwin da ke hamadar Mojave. Ta kawo ƙarshen gardamar da ake yi a kowane atisaye, ta "na harbe ka", "a'a, ni na riga ka".

Ana ɗaura ƙaramin akwati mai fitar da hasken leza a kan bindiga. Soja ya sa ɗamara mai ƙananan idanu masu gano hasken a ƙirji da baya, wasu kuma a kewayen hular kwano. Harsashin atisaye ake ɗurawa, mai ƙara amma ba kai, kuma tashinsa ne ke sa akwatin ya harba hasken da ido ba ya gani. Idan ya wuce ta kusa, ɗamarar ta yi ɗan gajeren kuka. Idan ya same ka, ta dinga kuka ba ƙaƙƙautawa. A tsohon samfuri, ba ta yin shiru sai ka zare mabuɗi mai ruwan ɗorawa daga akwatin bindigarka ka soka a ɗamara, nan take bindigar ta daina aiki. Kowane makami da lambarsa, don haka ƙaramar bindiga ba ta kashe tankar yaƙi.

Wannan kukan yana ladabtar da soja. Wanda ya ji shi a kunnensa don ya miƙe tsaye a fili, gobe da rarrafe zai wuce wurin.

Sai dai haske ba harsashi ba ne, kuma nan ne ya kamata mai horarwa ya buɗe ido. Ganye yana tare leza. Labule, siririn katako, hayaƙi mai kauri da ƙura duk suna tare ta ko su rage mata ƙarfi. Sai soja ya saba laɓewa a bayan ɗan kurmi yana tsira, alhali harsashin gaske zai ratsa kurmin ya same shi. Wannan mugun sabo ne, yana iya cin rai. Haka kuma haske miƙe yake tafiya, ba ya sauka da nisa, iska ba ta kautar da shi, saboda haka maharbi ba ya koyon sa bakin bindiga gaban wanda ke gudu. Ruwan igwa da harin jirage marasa matuƙa kuwa, sai an haɗa da wasu na'urori ko hukuncin alƙalan atisaye.

Saiti yana gocewa da zarar akwatin ya yi sako-sako, don haka a daidaita shi kafin fita, a sake dubawa bayan kowace faɗuwa. A goge idanun ɗamara, a gwada batir, domin wasu na rufe idanun da gangan.

Mun yaba da ita wajen koyar da kwanton ɓauna da motsin ƙananan rukunoni, da sharaɗin alƙali ya cire duk wanda ya fake a inda harsashi zai ratsa, kuma a ci gaba da harbin gaske a filin harbi.