Gargaɗi: mai tallan "fentin dutse" ya ci mini naira 46,500, ya kuma narkar mini da aikin sati uku

Assalamu alaikum. Tun shekaranjiya nake rubuta wannan ina gogewa, don wallahi kunya nake ji, amma baƙin cikin ya fi kunyar yawa. Naira 46,500 na tura wa wani mutum da ke tallan fenti a Facebook. Naira 46,500, a wannan marra da kowa ya san yadda ake samun kuɗi. Kuma da kuɗin kaɗai ya ci ya gudu, da na haƙura na bar shi da Allah. Abin da ya aiko mini ne ya kashe mini aiki.

Waɗanda suka san ni sun san ƙananan gidajen 'yar tsana nake yi a nan Kano, da kwali da katako, shekara ta huɗu ke nan. Wata Hajiya ce ta ba ni aikin jikarta, ta turo mini hoton fadar Windsor ta Ingila ta ce irin wannan yarinyar take so, mai hasumiya da bangon dutse. Na ce mata to. Mu nan ganuwarmu ta ƙasa ce, idan Ƙofar Na'isa ko Gidan Makama aka ce in kwaikwaya, ido rufe zan haɗa launin. Dutse kuwa wani abu ne daban. Na yi ginin a ma'aunin 1:12, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Bangon gaba na yi shi da farin soson nan mai tauri da ke zuwa cikin kwalin firji, na zauna da tsohon biro ina zana duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ina danna dunƙulen takardar alminiyom a kai don fuskar ta yi kaushi. Hasumiyoyin biyu kuma kiret ɗin ƙwai na takarda na yayyaga, na liƙa da farin gam. Sati uku. Har yatsana ya yi kanta.

Launin ne ya gagare ni. Na haɗa baƙi da fari, sai ya fito kamar filastar siminti, ba rai. A nan ne na ga tallansa.

Kuma ina roƙon ku, kada wani ya zo yana ce mini na yi garaje. Ban yi garaje ba. Kwana biyu muna magana kafin in tura ko sisi. Abin da ya sa na yarda da shi, abin da har yanzu yake dawo mini idan na kwanta, shi ne amsar da ya ba ni lokacin da na tura masa hoton bangon. Muryarsa ya turo, a natse, ya ce: "Hajiya, baƙi da fari zalla ba ya ba da dutse. Ki ɗiga ruwan ƙasa ko rawaya kaɗan a ciki. Ki fara da mai duhu, ya bushe, sannan ki share buroshi a tsumma har ya kusa ƙafewa, ki shafa mai haske sama-sama." Na tashi a take na gwada da ragowar fentin akirilik ɗin da nake da shi a kan wani guntu. Wallahi dutse ya fito. Gefen duwatsun suka ɗau haske, tsagun suka zauna da duhunsu. To ku gaya mini, wane ne zai ji wannan ya ce mutumin bai san aiki ba? Ya sani. Sanin ne ma ya yi amfani da shi.

Har cewa ya yi, "Hajiya, ki ba ni minti goma, an kira la'asar." Ya dawo ya ce mini, "Amana ce tsakanina da ke, ke kamar yayata ce." Yayata. Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin tun da abin ya faru, ina neman inda ya kamata in gane, ban samu ba.

Kuɗin ba lokaci guda na tura ba. Naira 38,000 na farko, wai na kwalba shida na akirilik ɗan waje da ƙullin da ke ba bango kaushi da buroshi uku. Sai naira 3,500 kuɗin mota daga Kaduna. A'a, kafin kuɗin motar ma sai da ya kira ya ce ya manta da banish mara sheƙi, ruwan da ake shafawa a kan fenti don ya kare shi, wai in ban shafa ba ƙurar hunturu za ta cinye launin, naira 5,000. Wannan ranar Talata ce, ko Laraba, don na tuna daga Kantin Kwari na dawo na tsaya wajen mai POS na tura. Sunan da ya fito a asusun ba shi ne sunan shafinsa ba. Na gani, ban ɓoye muku ba, na gani kuma na tambaya. Ya ce na matarsa ne, nasa ya samu matsala. Mutum nawa ne a garin nan suke karɓar kuɗi ta asusun matansu ko ƙannensu? Ni kaina na sha tura wa mai kayan miya ta asusun yaronsa. Duka dai 46,500, kuma cikin kuɗin da Hajiya ta ba ni na somin aiki na cire.

Kayan sun zo, shi ya sa na ƙara sakin jiki. Ƙanena ya karɓo mini a tashar Unguwa Uku, cikin kwali an naɗe shi da salatif. Kwalabe shida, ba takarda ko ɗaya a jikinsu, an dai rubuta lamba da alƙalamin maka a murfi. Buroshi ɗaya ne maimakon uku, ƙullin kaushin kuma babu shi sam. Ina buɗe ta farko wari ya buge ni. Akirilik da ruwa ake sirka shi, ba ya irin wannan warin, na san haka. Na kira shi a take, ya ɗauka, ya ce na waje haka yake, mai ƙarfi ne, in dai buɗe taga. Na gwada a kan guntun katako, ya kwanta lafiya lau. A kan katako na gwada. Da a kan soson na ɗiga ko ɗigo ɗaya, da yanzu ba wannan maganar nake ba, amma mutumin da ya ga hoton bangon da idonsa, wanda na faɗa masa da bakina cewa soso ne, ya ce mini "ki shafa kawai Hajiya", me zai sa in yi zargi?

Bayan isha'i na fara, ba wuta, da fitila mai caji. Na shafe bangon gaba tun daga ƙofa har sama, na juya in wanke buroshi, ruwa ya ƙi wanke shi. Ina cikin wannan 'yata ta ce, "Umma, bangon yana cinyewa." Na haska. Duwatsun da na zana ɗaya bayan ɗaya suna lotsawa ciki, suna ƙananan kumfa, kamar leda ta kusanci garwashi. Baka-bakan ƙofar da na yi kwana biyu ina gyarawa ya zube ya zama rami. Na sa tsumma in goge, tsumman ya taho da bangon. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Na manta ban faɗa ba, tun da yamman ranar na lura hoton da ke kan lambarsa ya ɓace, na ɗauka matsalar sabis ce. Da na kira cikin daren, a kashe. Da safe ya toshe ni a WhatsApp, shafin ma ya canza suna, yanzu kayan kwalliyar amare yake talla da hotunan wasu.

Maigidana ya kai kwalba ɗaya wajen wani mai fentin mota a Ƙofar Ruwa. Sunsunawa kawai ya yi ya ce ragowar fentin mota ne aka tsinka da tina, kuma tina tana narkar da irin wannan soson nan take, duk mai harkar fenti ya san haka. Ke nan mai tallan ya sani. Ya san abin da zai faru da bangona lokacin da yake ce mini yayata. Hasumiyoyin takardan ba su narke ba, amma inda ya taɓa su ya yi sheƙi kamar bodin mota, ba za su yi amfani ba. Banish ɗin na 5,000 kuwa farin gam ne aka dama da ruwa.

Na je banki na kai ƙorafi, an ba ni takarda na cike, ina jira. Hotunan hirarmu duka suna nan, da rasit uku, da saƙonnin murya, da hoton bangon kafin da bayan. Zan sa su gobe in Allah ya kai mu, da zarar na rufe lambobin asusun da nawa bayanan.

Kada ku sayi fenti mara takarda a jiki. In yana warin tina, kada ya taɓa soso. In sunan asusu ya bambanta, ku tsaya. Ku shiga Sabon Gari ku buɗe murfi ku sunsuna da hancinku.

Hajiyar da ta ba ni aikin ranar Asabar za ta aiko direba. Har yanzu ban iya kiranta ba. Na samo wani soson wajen mai sayar da firji a unguwarmu, yana nan jingine a tsakar gida, kuma naira 46,500 ɗin da zan sayi fentin gaskiya da ita tana hannun wancan mutumin. Ban yafe ba.